Matar da Ta Tare Makara a Hanyar Raƙuma

Kafin rana ta leƙo ta kan tsaunuka, Apa Sabohat ta riga ta sha koren shayinta, ta gutsuri gurasa ta ƙulle saura a ƙyalle, ta zura takalman roba masu kai wa gwiwa. Tana fitowa ƙofar gida sai ta ɗaga kai ta dubi gabas, wajen duwatsu, domin ruwan da ke kashe mutane a ƙasarmu daga nesa yake tasowa, sau da yawa ma rana tana haskawa a kan waɗanda zai kashe. In sararin ya yi mata, sai ta ɗauki sandarta ta ƙarfe da jakar taswirori, ta shigo mota ta ce, "Mu je, dodar." Haka take kirana, wato ƙanenta, tun ranar da aka ɗauke ni direba a ofishin filaye na gundumarmu, ni ma ban taɓa kiranta da komai ba sai apa, wato yaya.

A ƙarshen watan jiya ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da wani abu. An yi ɗan taro a ofis, an ci shinkafa da nama, an ba ta agogon bango, wani babba ya ce ta yi ƙwazo a aikin taswira, aka tafa, aka watse. Na koma gida raina bai kwanta ba. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, ni da aikina tuƙi ne.

Kowa ya san ƙasar tuddanmu, rawaya, mai laushi kamar garin alkama. Hanyoyin da kakanninmu suka bi da jakuna da raƙuma da amalanke sun yi ta nutsewa a cikinta, ƙafa tana sassaƙa, ruwa yana kwashewa, har suka koma lunguna tsakanin bango biyu. Akwai wadda in mahayin doki ya shiga ba a ganin hularsa. Akwai wadda bangonta ya fi gidan bene, in kana ciki sama ta zama ɗan siririn zare a kanka. A tsofaffin taswirori duk layi iri ɗaya aka ja musu, aka ce hanya ce. Aikin Apa Sabohat shi ne ta shiga kowacce da ƙafarta, ta fito ta yanke mata hukunci. Wannan mota za ta iya bi. Wannan sai jaki da mai tafiya a ƙasa. Wannan da rani kawai. Wannan kuwa ta tashi daga hanya, ta zama magudanar sel, ambaliyar laka da duwatsu da ke gangaro mana bayan Nauruz, bikinmu na shigowar bazara. Abin da ta zana shi direban motar asibiti yake dubawa, kuma da shi ake sanin ta inda za a tura yara makarantar wani ƙauye.

Mutane suna ɗauka ba ta da tsoro. Ni da nake ajiye ta a bakin hanyoyin nan na san tsoronsu take ji, mai tsanani, kuma bai taɓa raguwa ba. Duk sanda za ta shiga sai ta tsaya tana gyara ɗankwalin da babu abin da ya same shi, leɓɓanta suna motsi da addu'a. Ta taɓa gaya mini cewa tun tana yarinya ba ta iya sauka rumbun ƙasa na gidansu ta ɗebo dankali. Da na tambaye ta me ya kawo ta wannan aiki, ta ce sanda ta gama karatun awon ƙasa a Dushanbe, babban birnin ƙasarmu, aka turo su nan, maza suka rigaye ta zaɓar gonakin auduga na fili, aka bar mata tuddai, ita kuma kunya ta hana ta cewa ba za ta iya ba.

Wata rana da kaka muna cikin wata hanya da motocin ɗaukar alkama suke bi. Tana gaba tana dukan ƙasa da sanda tana saurare, ina biye da ita a hankali da mota. Ƙasa mai cikakken ciki ƙararta daban, wadda ruwa ya rarake ta ƙarƙashi kuwa amsawa take yi kamar ganga. Sai na ga ta caka sandar, sandar ta shige gaba ɗaya, ta suɓuce daga hannunta ta tafi. Ba mu ji faɗuwarta ba. Apa ba ta waiwayo ba. Ta ɗago mini hannu ta baya na kashe mota, sannan ta durƙusa a hankali, ta kwanta rubda ciki, ta riƙa ja da baya kamar ƙadangare. Ƙasa tana ta zuba cikin ɗan ramin da sandar ta bari, ramin yana faɗi, tana ja yana biyo ta. Da ta iso gaban mota ta kama ƙarfe ta miƙe, ta matsa jikin bango ta yi amai. Da ƙyar na fitar da mu da baya. Kafin yamma ta sa an gicciya itace a bakin hanyar ta kowane ɓangare, washegari kuma ta je wajen maƙeri ta ce ya ƙera mata wata sandar. Mijinta ya roƙe ta ta nemi canjin aiki, ta ce masa to, ba ta nema ba. Da ruwan bazara ya zo wurin ya rufta, ramin da ya buɗe kuwa zai haɗiye motar alkama da kayanta da direbanta.

Ke ce, apa, kika kwanta a kan bakin kabarin wani direba da bai san ki ba, kika tashi kika rufe masa shi. Har yau yana tuƙi a wani wuri, bai san da maganar ba.

Sai dai aikin ba ya jawo ƙauna. Ranar da ta canja wa hanya alama, hukuma ta daina gyara ta, motar asibiti ta daina bin ta, tafiyar kasuwa ta ninka. Kuma ba kullum take dacewa ba. Akwai Hanyar Gishiri da ta rufe tun ina sabon ɗauka, ta ce cikinta a rarake yake, ga ta nan har yau garau, masu taurin kai suna bi. Direbobin tasha in sun gan ta sukan ce, "Apa, Hanyar Gishiri tana gaishe ki, ta ce yau ma ta kwana da ranta." Ita kuma takan ce tana amsawa, amma su riƙa sallamar iyalansu da kyau kafin su shiga.

Ni ɗan Cashmasor ne. Daga ƙauyenmu Hanyar Raƙuma take gangarawa zuwa tsohuwar maƙabarta, ta wuce kasuwa, kuma babu wadda ta kai ta zurfi a gundumar. Tun zamanin ayari duk wanda ya rasu a Cashmasor ta nan ake ɗaukarsa. Shekarar da apa ta zo duba ta, ta bi ta har sama, ta tarar wani kwazazzabo da ya taso daga makiyaya ya yi ta cin ƙasa har ya haɗe da kan hanyar. Ruwan da zai sauka a wancan gefen tsauni duka ba shi da mafita yanzu sai ta cikinta. Ta cire ta daga cikin hanyoyi, ta sa mata alamar magudanar sel. Ta kuma ɗiga alama a wuri ɗaya tak da ta ga mutum zai iya hawa ya fita, wani tsagi da awaki suka yi a bangon hagu, wajen tsakiya.

Shugaban ƙauyen baffana ne, Amak Hudoyberdi, mutumin kirki mai taurin kai; amak kuwa baffa ke nan a wurinmu. Ya karɓe ta a ɗakin baƙi, ya zuba mata shayi da hannunsa, ya saurare ta har ta gama a gaban dattawa. Sannan ya ce, "'Yata, hanyar nan ta girmi takardarki, ta girmi wanda ya ƙera takardar. Kin ce ta mutu. To wa ya yi mata salla, da ba a gayyace mu ba?" Dattawa suka yi dariya. Apa ta ce ba ita ta kashe ta ba, ruwa ne ya ƙwace ta, ita dai ta rubuta abin da ta gani. Ya ce ta rubuta, su kuma za su bi. Da za mu tafi, matarsa Hola Oshurbibi, wato inna Oshurbibi, ta biyo mu ƙofa da gurasa mai zafi da zabibi, ta cusa wa apa a jaka, ta ce mata kada ta damu da shi, ita ma shekara arba'in tana zana masa hanya bai taɓa bi ba.

Bazara biyu suka wuce ba a yi wani ruwan kirki ba. Mutane suka ci gaba da bin hanyarsu, ni kuma in na je gida samari suna kirana direban mai kashe hanyoyi.

A bazara ta uku Hola Oshurbibi ta rasu da asuba. Apa ta ce za ta bi ni ta yi ta'aziyya, domin ba ta manta gurasar nan ba. Muna isa ta shiga wajen mata, ni na ɗaura ƙyallen ɗamara a kan jabbata kamar sauran mazan dangi. Rana ce mai zafi, sama a wanke a kan ƙauyen. Bayan an yi salla na matsa kusa da amak na tambaye shi a hankali ko za mu zaga ta kan tudu. Ya ce matarsa ba za ta je wajen iyayenta ta hanyar baƙi ba, kuma akwai tsofaffi da ba za su iya hawan tudun ba. Muka ɗauki makara, na kama kusurwar gaba ta dama, muka gangara.

Abin da ya faru a gida matata ce ta ba ni labari. Apa ta fito tsakar gida za ta wanke hannu a 'yar magudanar da ke ratsa gidajen ƙauyen. Ruwan da ke gudu da safe ya janye saura kaɗan, kuma abin da ya rage ya yi kauri, ya koma rawaya. Wanda ya san sel ya san ma'anar wannan, wani abu ne ya toshe ruwan a sama, kuma in ya ɓalle gaba ɗaya zai zo. Ta ɗaga kai ta hango tsaunin gabas ya yi baƙi ƙirin. Ta tambayi matan ta ina aka bi da gawar, suka ce ta inda aka saba. Matata ta ce nan take apa ta fita a guje da silifas ɗin wata, mace mai shekara hamsin, ta bi ta cikin gonakin alkama da ke bakin hanyar ta sama, inda ita da kanta ta sha hana mutane takawa saboda gefen a rarake yake.

Mu muna ƙasa ba mu san komai ba. Cikin Hanyar Raƙuma da sanyi da duhu-duhu, saiwoyin itatuwa suna reto daga bango, babu abin da ake ji sai takun ƙafafu da salati ƙasa-ƙasa. Ana canja kafaɗa ana tafiya. Mun kai wajen tsakiya sai muka ga ƙura ta tashi a bangon hagu, wani abu ya zamo ya faɗo a gabanmu. Da ƙurar ta lafa, Apa Sabohat ce. Ɗankwalinta ya zame, ƙafa ɗaya babu takalmi, gwiwar hannunta tana jini. Mace ba ta bin makara a wurinmu, balle ta sha gabanta. Salati ya tsaya cak.

Amak ya ce, "'Yata, kauce. Nan ba wurinki ba ne."

Ta ce, "Amak, sel yana bayanku. Ku hau da ita ta nan, babu wata mafita sai wannan."

Ya ɗaga kai ya dubi zaren samaniyar da ke kanmu, shuɗi tas, ya ce ko ɗigo bai sauka ba. Wani daga baya ya ce takarda ce ta taɓa wa matar nan kai. Liman ya roƙe ta a hankali ta ji tsoron Allah ta bar mamaciya ta wuce. Apa ba ta kauce ba. Ta tako ta kama sandar makarar ta gaba da hannu biyu, kusa da fuskata.

Ta ce, "Wallahi tsoro nake ji, amak, irin wanda ban taɓa ji ba. Amma sai dai ku bi ta kaina."

Ban san yadda za ta kaya ba da a ce iskar nan ba ta zo ba. Iska ce mai sanyi ta taso ta bayanmu, ta ɗaga mayafin da aka lulluɓe makarar da shi, tana ɗauke da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye. Ɓurɓushi ya fara zubowa daga bango biyun. Sannan ƙarar ta zo, a tafin ƙafa muka fara jin ta kafin kunne, kamar jerin manyan motoci a kan gadar katako.

Wasu suka zabura za su gudu gaba. Apa ta daka musu tsawa cewa babu mai ƙafar da za ta tsere masa, kuma daga nan har maƙabarta bango ne sumul. Ta ce samari su fara hawa, kowa ya kwance ɗamararsa a ƙulla su su zama igiya. Ba wanda ya yi musu. Muka ɗaure gaban makarar, na sama suka ja, mu na ƙasa muka tura. Tsagin a tsaye yake, makarar tana karkata sai na ji gawar ta zamo. Na saki itacen na rungume ƙafafun hola ta cikin likkafani, sanyinsu a ƙirjina, na riƙe har wani ya cire rawaninsa aka ɗaure ta a jikin makarar. Ina jin amak a bayana yana kiran sunanta a hankali, yana ce mata ta yi haƙuri.

Ruwan farko ya iso muna cikin haka. Ɗan kaɗan ne, iya idon sawu, rawaya, yana ɗauke da kara da kashin tumaki. Kafin makarar ta ɓace a sama ya kai ƙwauri. Ƙasar tsagin ta fara jiƙa tana santsi. Saura tsofaffi, apa kuma tana tsaye a gindin tsagin, tana kama ƙafar kowane tsoho tana ɗora ta inda za ta riƙe, domin ita kaɗai ta san wurin. Dattawan da ba su taɓa bari baƙuwar mace ta taɓa hannunsu ba, ranar ta kama su a ƙugu ta tura. Amak ya ƙi hawa sai da aka leƙo aka ce masa matarsa ta sauka lafiya a kan ciyawa. Na hau a bayansa, na juyo na kwanta a bakin bangon, mutum biyu suka riƙe ƙafafuna. Ruwa ya kai wa apa cinya, yana janta. Ta kama saiwa ta hau rabi, saiwar ta tsinke, na cafki wuyan hannunta.

Daga inda nake kwance na ga kan sel ɗin ya karyo kwana. Ban ga ruwa a cikinsa ba. Bango ne na laka mai tafiya, da kututtura a tsaye a cikinsa, da duwatsu masu girman tanderu suna juyawa suna gwaruwa. Aka ja mu sama, ni da ita, ya wuce ta ƙarƙashin ƙafafunta. Ƙasa tana girgiza, bakin bangon yana tsagewa. Ba ta ko miƙe ba ta fara ihu a ja da baya, a ja da makarar cikin alkama. Muna matsawa, tsagin da muka hawo da wurin da na kwanta suka zube ciki.

Muka tsaya cikin alkamar, kowa laka har ƙirji. Liman ne ya fara bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ya sake bi, sannan ya tambaya ina Usto Boboyor. Kafintan ƙauyen ne, shi ya ƙera makarar da muke ɗauke da ita. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, kunnensa kuma ya daɗe da toshewa. Tun a bakin hanya ya ce mu yi gaba zai taho a hankali. Ɗansa ya ruga bakin bangon yana kiransa, sai da aka danne shi a ƙasa.

Babu hanyar isa tsohuwar maƙabarta. Mai gonar da muke tsaye a ciki ya ce a haƙa a nan, a kan tudu. Aka aika ƙauye aka kawo shebur. Muna cikin haƙa ruwan saman ya iso kanmu. Apa ta koma can nesa ta juya mana baya, ta zauna a cikin ruwan har muka gama, don kada a ce mace ta tsaya a kan kabari. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci Usto Boboyor a gaɓar kogi, can ƙasa da kasuwa, aka kawo shi aka kwantar kusa da hola. Maƙabartar Cashmasor ta yanzu daga su biyun ta fara.

A hanyarmu ta komawa gari ranar, muka yi ta tafiya har muka kusa gidan apa. Ta ce in tsaya. Ta ce, "Na gan shi, dodar. Ina gudu na hango shi a ƙasa shi kaɗai, yana dogara sanda. Na kira, na jefa masa ƙasa, bai ɗago ba. Babu ta inda zan sauka a wurin. Na wuce." Na kashe mota. Ta zauna tana kallon ƙafarta da babu takalmi, sannan ta buɗe ƙofa ta fita.

Kada wani ya ɗauka an yi ta gode mata. Wasu mata sun ce bakinta ne ya kira abin. Iyalan Usto sun daɗe ba sa amsa gaisuwarta, ita kuma ba ta daina gaishe su ba. Amak Hudoyberdi kuwa, bayan sadakar arba'in, ya sa sabuwar jabba ya zo ofis, ya ce a nuna masa taswirar. Ta shimfiɗa masa, ta bi layin da yatsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce abu ɗaya ya zo roƙo, kada ta share sunan hanyar. Ta ce ba ta share suna, alama kawai take canjawa. Ya ce to ta rubuta cewa ta nan aka ɗauki mutanen Cashmasor. Ta ce babu irin wannan alamar a aikin taswira. Ya ce, "Ke da kika kashe hanya da alƙalami, wannan ne zai gagare ki?" Duk wanda ya buɗe taswirar gundumarmu yau zai ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe a gefen alamar sel, tsohuwar hanyar makara.

Daga wannan shekarar aikinta ya ƙaru. Kowace hanya mai zurfi da ake bi har yanzu, ta koma ta nemi inda mutum zai iya fita, ta sa a taswira. Inda ta tarar da doguwar tafiya babu mafita, sai ta zauna wa mutanen ƙauyen a wuya har su fito da diga su sassaƙa matakala a bango. In sun yi gardama amak take ɗauka, ya zauna a ɗakin baƙinsu ya sha shayi, ya ba su labarin yadda aka ja matarsa sama da ɗamara. Ba a taɓa tashi daga zaman ba a sa ranar aiki ba. Ya yi wannan yawo da ita har ƙarfinsa ya ƙare. Makiyaya sun hau matakalan nan, mata masu dawowa daga kasuwa sun hau da buhuna a ka, yawancinsu ba su san wa ya sa aka sassaƙa su ba.

Ke ce, apa, mai sauraron cikin ƙasa. Ke ce kika shiga inda zuciyarki ta tsana kullum safiya, ba don an gan ki ba. Kin sha dariyar direbobi da zagin dattawa, kin ɗauki Usto Boboyor a ranki ke kaɗai, ba ki taɓa cewa kin gaji ba sai da gwiwoyinki suka faɗa a madadinki. A madadin mazan Cashmasor da suka koma gida da laka a jikinsu ranar, da 'ya'yan da aka haifa musu bayan nan, ciki har da autata, na gode. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiya, ya sa ki yi barci babu ƙarar nan a kunnenki.

Makon jiya na je gaishe ta. Na tarar da ita a ƙarƙashin rumfar inabi, ƙafafunta a kumbure, an ɗora su a kan matashi. Na ce mata ta huta, ai ta gama zana komai. Ta girgiza kai ta ce taswirarta kamar madara take, ba ta daɗewa. Ta ce, "Hanyar da na ce tana da rai bara, ban yi mata alkawarin bana ba. Sai wani ya sake shiga ya gani."

Don haka nake roƙon 'yan'uwana na ƙauyukan tuddai, kada ku jira a zo a zauna muku a wuya. Ku ɗauki diga ku duba matakalanku, ruwan bara ya cinye wasu. Ku matasa da kuka karanta awon ƙasa kuma, maza da mata, in akwai mai jin tsoron hanyoyin nan a cikinku, shi muke nema, ya zo ta koya masa tun tana iya magana. Dusar ƙanƙara ta fara narkewa a kan tsaunuka, kujerarta kuwa har yau babu kowa a kai.